Sama'ila Masinja da Tseren Keken Faransa

'Yan ƙungiyar keke na Unguwar Dosa, ma'aikatan gwamnatin nan masu tumbi da ke fita ran Asabar cikin matsattsun wanduna, su suka aiko wai in ba da tarihin ƙanena Sama'ila. Ya cika shekara saba'in, za su buga masa ɗan littafi. Suka ce babu wanda ya san shi kamar ni. A nan kam sun yi gaskiya, a bayana ya yi wayo. Ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, kuma na gaya wa mai rubutun, in ya rage min kalma ɗaya ban yafe ba.

Shekara biyar na ba Sama'ila. A Unguwar Sarki aka haife mu. Babanmu Malam Sanda kananzir yake sayarwa a Babbar Kasuwa, yana da wani baƙin keke da yake ɗaura wa garwa biyu a baya. Ni ce mai hidimar keken nan. Kullum da safe in wanke shi, in ɗiga wa sarƙa mai, in danna taya in ji ko tana son iska. Har faci na iya, don idona na kan Baba duk lokacin da yake yi. Shekara tara ina wannan bauta, ban taɓa ɗora jikina a kan sirdinsa ba. Ranar da Sama'ila ya gama firamare, Baba ya turo keken tsakar gida ya damƙa masa. Na ce, "Baba, ni fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ke ai tukunya ce kekenki." Kowa ya yi dariya, har Sama'ila, wanda a lokacin ƙafarsa ko feda ba ta kai sosai.

Da wannan keken ya sami aikin masinja a wata ma'aikata. Shekara talatin da biyar yana yawo da fayil daga wannan ofis zuwa wancan, cikin kaki, ya naɗe ƙafar wando ɗaya don kada sarƙa ta kama. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ko takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa. Akwai ranar da ruwa ya tare shi a hanya, ya tuɓe rigarsa ya naɗe fayil da ita, ya shiga ofishin manya daga shi sai singileti yana ɗiga. Da aka raba wa ƙananan ma'aikata babura ya ce a bai wa wani, shi kekensa bai yi masa laifin komai ba. Ya auri Aziza, suka haifi 'ya'ya shida, ya gina gida a Unguwar Dosa ɗaki bayan ɗaki. Har ya yi ritaya ba a taɓa kiran sunansa a wani taro ba, sai dai a ce "kira masinja."

Ni kuwa maganar Baba ta bi ni. Shekara arba'in ina girkin biki. Duk wani babban gida daga Malali zuwa Unguwar Sarki, in za a aurar ko za a yi suna, ni ake kira in tsaya a kan tukwane, in raba wa mata aiki, in fitar da abincin mutum ɗari biyar kafin la'asar. Da maigidana ya rasu, gwiwoyi kuma suka ce sun gaji, Sama'ila ya zo da kansa ya kwashe ni, ya ba ni ɗakin da ya fi kowanne iska. Wannan ma a rubuta.

To, abin da ya sa kuke buga masa littafi ba fayil ba ne, tseren keke ne, bari in zo kansa. Ɗansa Bilal ya kafa masa dish na talabijin da sola, shi kuma yana laluben tashoshi har ya faɗa kan tseren keke na ƙasar Faransa. Duk shekara da damina ake yinsa, sati uku cur, daga bayan azahar zuwa bayan la'asar. Mutum kusan ɗari biyu, an kasa su ƙungiya-ƙungiya. Kowace ƙungiya tana da uban gida guda, sauran duk barorinsa ne. Su tare masa iska, su ja shi a hawan dutse, su koma baya wurin mota su cusa gorunan ruwa cikin riga su kawo masa. Wanda ke gaba a lissafin kwanakin duka shi ake sa wa riga ruwan ɗorawa. Sama'ila ya sayi littafi na musamman yana rubuta mintoci, ya kasa kunne ga Turancin masu sharhi yana gyaɗa kai kamar da shi suke shawara.

Ni ina gefe a kan tabarma ina tsinkar zogale. Turanci ba na ji, lambar da ke bayansu ba na karantawa, sunayensu kuwa sai ka ce mutum ya ƙware da ruwan zafi. Don haka na raɗa musu nawa. A satin farko na shekarar farko Sama'ila ya cika mu da yabon wani da nake kira Mai Dogon Haɓa. Na ce, "Wannan ba zai kai ba. Sillen Karan can na bayansa shi zai ci."

Ya ce, "Yaya, minti biyu fa ya ba shi."

Na ce, "Ko kwana biyu ya ba shi."

Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Amma ku zan gaya muku. Hannu nake kallo. Mai Dogon Haɓa in an kawo masa ruwa ko waiwaye ba ya yi, sai ya miƙa hannu baya kamar mai karɓar haraji. Wanda ya kawo kuma tun kafin maigidan ya riƙe da kyau ya saki gorar. Na san wannan miƙon. A gidan biki in mace ta miƙo miki ludayi haka, ki tabbata kafin a kwashe tuwo ciwon kai zai kama ta, ta bar ki da wuta. Sillen Kara kuwa in ya karɓa sai ya dafa bayan mai kawowa, shi kuma ya jera da shi har sai ya ga ya sha. Uwar biki ba ta tuƙa tuwo, matan da ke bayanta ke fitar da ita kunya ko su tona mata asiri. A sati na uku, a kan wani dutse da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau, Mai Dogon Haɓa ya waiga karon farko a rayuwarsa, bai ga ko mutum ɗaya nasa ba. Sillen Kara ya wuce shi da mutum uku a gabansa suna ja.

Ashe tun ranar da na yi magana Sama'ila ya kai ta majalisa, gindin mangwaron da ke jikin masallacinmu. Babban majalisar shi ne Alhaji Ubaidullah, tsohon darakta, kuma shugaban ƙungiyar taku. Shekara goma sha biyu Sama'ila yana kai masa fayil, bai taɓa ce masa zauna ba. Ranar da Sillen Kara ya ci, Alhaji ya sa aka kawo kujerar roba aka ajiye kusa da tasa. Shekara ta biyu na faɗa, ya kai, aka ci. Ta uku ma haka. Sai ga ƙungiya ta naɗa shi Sarkin Keke, har da riga ruwan ɗorawa. Ya ɗora ta a kan farin kaftani ya shigo gida yana murmushi, sai ka ce dafaffen ƙwai da aka raba biyu.

Na ce, "Sarki, an gaishe ka. Da suka tambaye ka ina kake samowa, me ka ce?"

Ya ce, "Na ce nazari ne."

"Nazarin wa?"

"Haba Yaya. In ambaci sunanki a majalisar maza? Ai mutuncinki nake karewa."

Na ce, "Mutuncina ya gode. Ita rigar mutuncin wa take karewa?"

Ya sunkuyar da kai ya shige ɗaki. Aziza ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ai duk ɗaya ne." Na ce mata in duk ɗaya ne ta ɗauko rigar in sa in je sunan gidan Alhaji da ita. Wallahi ba rigar nake so ba, ko tsumman goge tukunya ba zan yi da ita ba. Amma in ina kwance in ji masu wucewa a bayan taga suna cewa "Sarkin Keke ya ce," sai in ji kamar an zuba min barkono a ƙirji. Na wanke keke wani ya hau, yanzu kuma na yi gani wani ya zama mai ido.

A shekara ta huɗu wani gidan rediyo ya aiko. Akwai mai shirin wasanni, Sharhabil, yana son Sarkin Keke ya zo ran Juma'a da hantsi, jajibirin fara tsere, ya faɗa wa duk Kaduna wanda zai ci. Ran Alhamis Sama'ila ya zo ƙofar ɗakina ya tsuguna da waya a hannu, yana nuna min hotunan masu tsere ɗaya bayan ɗaya. Nan ne rashin tambaya ya ci shi. Da ya taɓa tambayata me nake kallo, da ya san ba a sanin komai daga hoto. Sai an fara, sai rana ta dake su, sai na ga an miƙa ruwa an karɓa kwana biyar ko shida. Shi a zatonsa wani abu ne ke faɗo min daga sama.

Na ce, "In na faɗa, za ka ce yayarka ce ta gaya maka?"

Ya ce, "Yaya, rediyo fa. Har Zariya ana ji."

Shi ke nan, ya yanke wa kansa. Na sa yatsa a kan wani kakkaura mai jajayen kunnuwa da nake kira Ɗan Garuwa. Shekara uku ina ganinsa, aikinsa ke nan, ya koma mota ya ciko riga da goruna har bayansa ya yi doro.

Sama'ila ya zaro ido. "Yaya, wannan ai mai ɗauko ruwa ne. Ba ma don ya ci aka kawo shi ba."

Na ce, "Na taɓa faɗa maka ta faɗi ƙasa?"

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce, "Allah ya sa mu dace," ya tashi.

Washegari ni da Aziza muka ajiye rediyo a kan turmi. Sharhabil ya jero manya uku da duniya ke sa wa rai, ya ce wannan gwanin hawan dutse ne, wancan ƙungiyarsa ta fi ƙarfi, na ukun kuma ya dawo daga jinya. Sannan ya ce, "Baba Sarki, cikin ukun nan wa ka ɗauka?" Sama'ila ya gyara murya ya ce babu ko ɗaya, ya ambaci sunan Ɗan Garuwa. Rediyo ta yi tsit, har Aziza ta jijjiga ta. Sai Sharhabil ya fashe da dariya. "Baba, ko dai ba ka karya ba ka fito? Mutumin nan ko wuni ɗaya bai taɓa ci ba!" Sama'ila ya ce, "Ku dai ku rubuta ku ajiye." Masu bugo waya suka yi ta shigowa, wani ya ce a duba hawan jinin tsoho. Ba zan yi ƙarya a littafi ba, na ji daɗi. Ranar har ƙarin tuwo na yi.

Aka fara tsere. Ɗan Garuwa, bawan Allah, bai san an ɗora masa sarauta a Kaduna ba, ya ci gaba da jigilar ruwansa. Kafin sati ya zagayo an ba shi fiye da awa guda. Sama'ila in ya fito, masu Keke Napep na bakin layi su ɗaga murya, "Ga ruwa! Ga ruwa!" Mai shayi ya tambaye shi ko garwa nawa ce yau. Ya ninke rigar ɗorawa ya sa ƙasan akwati. Ya daina zuwa majalisa, ya koma sallah a wani masallaci can bayan layi. Keken da ko ranar ɗaurin aurensa sai da ya hau, ya jingine shi a zaure har taya ta sace.

Ni kuma ina jira. Na ce yanzu da wuta ta kama shi dole ya ce, "Ba ni ba ne, yayata ce." In ya faɗi haka, dole a tambayi na baya wa ya faɗa, sunana ya fita ko ta ƙofar baya ce. Shiru. Aziza ta dawo daga gidan Alhaji ta ce matarsa ta gaya mata, Alhaji ya aika an kira Sama'ila ya ce, "Wai wa ya ba ka wannan shirme?" Sama'ila ya ce, "Ranka ya daɗe, lissafina ne ya kuskure." Lissafinsa! Kun ji mutum. Na daidai ya ce nasa ne, kuskuren ma bai bar min ba. Kuma kullum da safe sai ya zo ƙofata ya tsuguna, "Yaya, an tashi lafiya? Ya gwiwa?" Ko da wasa bai ce don me kika yi min haka ba. Da zagina ya yi da na sami abin ramawa. Sai rama yake yi, wuyan riga na yi masa yawa.

Ran kwana goma sha biyu na tsere, bayan la'asar, an ɗauke ruwa, na zura hijabi na ɗauki sandata na nufi gindin mangwaro. Tunda nake ban taɓa tsayawa a majalisar maza ba. Na yi sallama daga nesa, suka amsa suna kallon juna. Na ce, "Alhaji, magana na kawo, ba doguwa ba ce. Duk abin da Sama'ila ya faɗa muku shekara uku, ni na gaya masa. Na bana ma ni ce, kuma da gangan na ba shi na banza, don ya ƙi faɗin sunana. In kuna son shaida, ga ta. Bana Mai Baƙar Gira zai ci, wanda yake na uku yanzu."

Alhaji Ubaidullah ya ce, "Hajiya, wane ne kuma Mai Baƙar Gira? Mene ne sunansa?"

Na ce, "Ni na raɗa masa suna da zan sani? Mai shuɗiyar riga, girarsa kamar an shafa gawayi."

"Tazarar minti nawa ce tsakaninsa da na gaba?"

"Alhaji, ni agogo ce?"

Sai Malam Yusha'u liman ya ɗaga hannu, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce, "Allahu akbar. Jama'a, kun ga zumunci? Tsohuwa da ciwon gwiwa ta tako har nan don ta ɗauke wa ƙanenta kunya ta ɗora wa kanta. Wannan gida an yi tarbiyya."

Na ce, "Malam, ba zumunci ba ne, hassada ce!"

Suka yi dariya irin wadda ake yi wa tsofaffi. Alhaji ya ce, "Mun gane, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ki ce wa Sarki ya dawo, kujerarsa na nan. Wa ya fi ƙarfin kuskure?" Har ya sa direbansa ya mai da ni gida, tafiyar da ba ta kai taku ɗari ba.

Ran Lahadin ƙarshe Mai Baƙar Gira ya ci. Na ce to, yau dai magana ta ƙare. Kafin magariba sai ga majalisa guda a ƙofar gida, Alhaji a gaba. Ina daga zaure ina ji. Wai ashe Sarki ya sake nazari a tsakiyar tsere ya gano gaskiya, kunya ta hana shi zuwa, shi ne ya aiko yayarsa da sunan a sakaye. Sama'ila ya ce, "Wallahi ba haka ba ne, ita ce." Karon farko ke nan da ya faɗa, da bakinsa, a gaban maza. Malam Yusha'u ya ce, "Kun ji kuma tawali'u." Suka sa shi ya ɗauko rigar, suka tafi da shi.

Washegari da hantsi ya yi wa keke famfo, sannan ya zo ya zauna a bakin tabarmata. Ya ce, "Yaya, don Allah, me kike kallo?"

Na ce, "Shekara huɗu, sai yau bakinka ya buɗe? Kawo min ruwa tukuna."

Ya tashi ya ɗebo a randa, ya goge gindin kofin da hannun riga, ya tsuguna, ya miƙo da hannu biyu. Bai saki ba sai da ya ji na riƙe. Bai tashi ba sai da na sha na sauke. Haka yake miƙa abu tun yana yaro, haka ya miƙa fayil shekara talatin da biyar, ga mutanen da ba su waiwaye shi ba.

Na ce, "To, ka gani."

Ya ce, "Na ga me?"

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, bokonka bai tsinana maka komai ba."

Tarihin Sarkinku ke nan. Mutumin kirki ne, ban ce ba shi ba ne, kuma shi ya sa abin ya fi ciwo, don babu inda zan kama. Na san in kun karanta wannan za ku ce tsohuwa ta iya barkwanci, ku ƙara masa wata rigar. Ku ƙara. Ni dai sunana Ummulkhairi, 'yar Malam Sanda mai kananzir. A rubuta shi a bangon littafin, kuma a sa shi a saman nasa, don ni ce babba.